Nazem Kadri: Ɗan Wasan Da Ya Kai Kofin Stanley Masallaci

A wannan fitowa za mu leƙa ƙasar Kanada, inda sanyin hunturu kan daskarar da ruwa har a yi tafiya a kansa. Wasan da mutanen can suka fi ƙauna shi ne hoki na ƙanƙara. Kowane ɓangare na da mutum shida har da mai tsaron gida, suna sulɓi da takalma masu kaifin ƙarfe a ƙasa, suna kora wani ɗan faifan roba mai tauri da sanda mai lanƙwasa domin su jefa shi raga. Ana yin zagaye uku, kowanne minti 20, kuma doka ta yarda a bangaje abokin karawa, sai dai an haramta bugun kai da bangaza ta baya. Babbar gasarsu ita ce NHL, ladarta kuwa Kofin Stanley, wanda aka fara bayarwa a 1893. An shekara 129 kafin Musulmi ya ci shi.

An haifi Nazem Kadri ranar 6 ga Oktoba 1990 a Landan ta lardin Ontariyo, ba ta Ingila ba. Kakanninsa sun yi ƙaura daga Labanan mahaifinsa yana ƙaramin yaro. Mahaifin ya taso yana sha'awar wasan, amma kayansa na da tsada, gidan kuwa ba hali. Abin da bai samu ba sai ya nema wa ɗansa, ya sa shi a kan ƙanƙara tun yana ɗan ƙanƙane. Nazem ya buga wa ƙungiyoyin matasa na Kitchener Rangers da London Knights, sannan a zaɓen sababbin ƴan wasa na 2009 Toronto Maple Leafs ta ɗauke shi a matsayi na bakwai. Ya buga wasansa na farko a NHL a Fabrairun 2010.

Gwanintarsa ba ta ɓoyu ba. A 2016 Toronto ta ba shi kwangilar shekara shida kan dala miliyan 27, shi kuma ya jefa ƙwallo 32 a kakar 2016-17, ya maimaita a ta gaba. Amma kowane gwani da aibinsa, nasa kuwa zafin zuciya ne, mai tasowa daidai lokacin da aka fi bukatarsa. A wasannin kifa-ɗaya-ƙwala na 2018 an dakatar da shi wasa uku saboda mummunar bangaza ga ɗan wasan Boston. A 2019 ya bugi wani ɗan Boston da sanda a kai, aka hana shi sauran zagayen. Duka biyun Toronto ta faɗi, kuma ranar 1 ga Yuli 2019 ta miƙa shi ga Colorado Avalanche ta Amurka. Can ma a 2021 ya bugi kan Justin Faulk na St. Louis, aka dakatar da shi wasa takwas, aka fitar da ƙungiyarsa yana kallo daga gefe. Mutane da dama suka yanke cewa hali zanen dutse ne.

Kakar 2021-22 ta zo da wani labari. Ya tara maki 87 a wasa 71, wato ƙwallo 28 da taimako 59, adadin da bai taɓa kaiwa ba. Jarrabawa ta same shi a watan Mayu, a karawa da St. Louis ɗin nan dai. Ya yi karo da mai tsaron gidansu, Jordan Binnington, wanda ya ji rauni. Alƙalan wasa ba su ga laifinsa ba, amma saƙonnin zagi suka yi ta kwarara, ana aibata addininsa da asalinsa na Larabawa, har da barazanar kisa, sai da ƴan sanda suka ƙara tsaro. Kowa na jiran ya fusata kamar yadda ya saba. A wasa na gaba, a gidan St. Louis, ƴan wasansu suka yi ta tsokanarsa. Bai rama da sanda ba. Ƙwallo uku ya jefa musu.

A zagaye na gaba Evander Kane na Edmonton ya tura shi bango ta baya, babban yatsansa ya karye, aka yi masa tiyata. Kwana 18 bayan haka ya dawo a wasa na huɗu na zagayen ƙarshe, ya ci ƙwallon da ta raba gardama da Tampa Bay a ƙarin lokaci. Ranar 26 ga Yuni 2022 Colorado ta ɗauki kofin.

Al'ada ce kowane ɗan wasa ya samu yini guda da kofin, ya kai shi inda ya so. Ranar 27 ga Agusta 2022 Kadri ya fara da masallacin garinsu. Wannan zaɓi na da nauyi, domin ranar 6 ga Yuni 2021 wani ya bi ta kan wani iyali Musulmi da mota a garin, da gangan, ya kashe mutum huɗu. Jama'ar da ta yi wannan makoki ita ce ta taru tana murna da ɗanta. A watan ne kuma ya sa hannu a kwangilar shekara bakwai da Calgary Flames kan dala miliyan 49.

Iyaye, ƴaƴanmu ba su da ƙanƙara, amma suna da filin ƙwallo, da makaranta, da masu tsokana. Baiwar Kadri tana nan tun yana yaro, sai dai sau uku fushi ya cire shi daga fili, aka yi asara tare da shi. Ya haura shekara 30 kafin ya mallaki zuciyarsa, kuma a shekarar ce ya ɗaga kofi. Kada mu cire rai da yaro mai zafin kai, kada kuma mu bar shi ba horo. Allah Ya shirya mana zuriya, amin.