Masu kula da na'urorin ofis: mece ce ribar takardar shaida da shiga ƙungiya?

A ƙaramar hukumar Cadakori ta gundumar Gidan Rumji, da Agye da Gazawa, aikin ofis yana ƙara komawa kan kwamfuta. Ma'aikatar lafiya ta Nijar tana tattara alƙaluman asibitoci ta manhajar DHIS2, ofisoshin magajin gari kuma suna buga takardu da na'ura. Idan rezo ya yanke ko bayanai suka ɓace, manomin da ya bar gonarsa don neman takardar haihuwar ɗansa shi ne zai koma gida hannu banza.

Wanda ke hana haka shi ne mai kula da tsarin kwamfuta. Aikinsa ya wuce na mai gyara a kasuwa: shi ke buɗe wa kowane ma'aikaci asusunsa, ya adana kwafin bayanai a wani wuri dabam, ya toshe ƙofar masu kutse. Tunda mabuɗan sirri duka suna hannunsa, dole mai ɗaukarsa aiki ya san ko ya iya, kuma ko amintacce ne.

A nan takardar shaida ke shigowa. Digiri daga Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi ko wata makaranta a Yamai yana nuna mutum ya yi karatu, ita kuwa takardar ƙwarewa tana nuna ya ci jarrabawa a kan wani aiki takamaimai. CCNA ta kamfanin Cisco ta shafi haɗa rezo, kuma sai an sabunta ta bayan shekara 3. LPIC-1 ta shafi tsarin Linux, jarrabawa biyu ce, tana aiki shekara 5. Wa'adin nan shi ke tilasta wa mai ita ya ci gaba da koyo.

Sai dai akwai tsada. Jarrabawar CCNA dala 300 ce, sama da jikka 150 na sefa, ban da kuɗin mota da masauki. Kuma takarda ba ta auna riƙon amana.

Wannan gurbi ne ƙungiyoyin sana'a ke cikewa. A Najeriya, dokar 1993 ta kafa hukumar CPN mai rajistar ƙwararrun kwamfuta da hukunta wanda ya saɓa ƙa'ida. A Afirka, ƙungiyar AfNOG tana horar da masu kula da rezo tun shekarar 2000, Internet Society kuma tana da reshe a Nijar. Matashin da ke aiki shi kaɗai a ƙauye, idan yana cikin irin waɗannan, yana da wanda zai tambaya ranar da na'ura ta ƙi tashi.

Doka ma ta ƙara wa aikin nauyi. Nijar ta kafa dokar yaƙi da laifukan intanet a 2019, an kuma taɓa kafa hukumar HAPDP don sa ido kan kare bayanan jama'a. Don haka shugaban ofishin da zai ɗauki ma'aikaci ya kamata ya duba wa'adin takardarsa, ya tambayi inda ya taɓa aiki, sannan ya sa shi ya dawo da bayanai daga kwafin ajiya a gabansa kafin ya miƙa masa mabuɗai.