Garka, Lambu da Fadama: Kalmomin Ƙaramin Noma a Garin Bauchi

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1978 wasu mutum biyu 'yan ƙasar Ostareliya, Bill Mollison da David Holmgren, suka fitar da littafi a kan wani tsarin noma da suka laƙaba wa suna famakalca, wato haɗin kalmomin Ingilishi biyu masu ma'anar ɗorewa da noma. Manufar tsarin ita ce a shirya ɗan fili ta yadda ruwa da taki da itatuwa da dabbobi za su riƙa ciyar da juna. Mai fassara da ya ci karo da kalmar yakan yi gaggawar aro ta. Wannan maƙala na ganin cewa kafin a yi aron, ya kamata a dubi abin da Hausa ta riga ta tanada, musamman a gari irin Bauchi inda ruwan sama, kimanin milimita 1,000 a shekara, yake zuba cikin wata biyar ko shida, sauran watannin kuwa sai rani.

2.0 Rabe-raben Kalmomin

Garka ɗan fili ne mai shinge a jikin gida ko bayansa, inda ake shuka kayan miya kamar kuɓewa da yakuwa da kabewa, wani lokaci har da rogo. Abin lura shi ne yadda garka ke rayuwa da abin da gida ya zubar. Tokar murhu da kashin awaki da na kaji su ne takinta. Ruwan wanke-wanke da ke bin rariya shi ke shayar da gwanda a tsakiyar bazara. Zogalen da aka kafa a matsayin shinge yana ba da ganyen kwaɗo, harawar wake kuma ta koma wa akuyar da ta ba da takin. Idan aka auna wannan da bayanin Mollison, za a tarar garka ta fi kowace kalma kusa da abin da yake nufi, ko da yake ba ta ɗauke da ma'anar zaunawa a zana fasalin fili tun farko.

Lambu ya bambanta da garka ta fuskar ban ruwa da ciniki. Aikin rani ne, ana yanka shi fangali-fangali, kuma yawancin amfaninsa, wato tumatir da albasa da attaruhu, kasuwa yake nufa, kamar ta Muda Lawal ko ta Wunti. Fadama kuwa asali sunan ƙasa ce, kwari mai riƙe danshi bayan ɗaukewar damina.

3.0 Sauyin Ma'ana

Bayan kafa Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Jihar Bauchi a 1981, da tallafin Bankin Duniya, ƙananan injinan ban ruwa da rijiyoyin burtsatse suka yaɗu a fadamu. Jigo, wato doguwar sandar nan mai guga a kai ɗaya da nauyi a ɗaya kan, ya ja baya, kuma kalmar ta bi shi. Matashin birni a yau ya fi sanin jigo da ma'anar babba a jam'iyyar siyasa, ɗalibin adabi kuma da ma'anar saƙon waƙa.

Fadama ta bi wata hanya dabam. Shirin Fadama na Ƙasa, wanda ya fara aiki a 1993 da Bauchi cikin jihohin farko, ya shigar da kalmar cikin Ingilishin Nijeriya, har ta zama sunan hukuma da rance a jihohin da ba a jin Hausa. A cikin garin Bauchi kuwa, Fadamar Mada yanzu unguwa ce ta gidaje.

Akwai misali mai amfani daga yankin Maraɗi. Tun daga 1983 Tony Rinaudo ya soma ƙarfafa wa manoma gwiwa su bar tohon kututture ya girma a gona, suna rage rassansa maimakon ƙone shi. Ba a aro sunan Turanci ba. An kira aikin sassaben zamani, aka jingina sabon abu a jikin sassabe, aikin da kowane manomi ya gada. A kan wannan ƙira, garkar zamani ko garka mai ɗorewa za ta fi famakalca saurin shiga kunnen matar da ke zuba toka a gindin kuɓewarta.