Ƙarin Tsawo Ta Hanyar Tiyata: Ina Batun Daidaiton Jiki?

 Yau za mu taɓo wani aiki da wasu ke zuwa Amurka, Turkiyya ko Indiya su biya maƙudan kuɗi a yi musu, wato tiyatar ƙara tsawon ƙafa don kwalliya kawai.

To, daga ina abin ya samo asali? Wani likitan ƙashi ne na tsohuwar Tarayyar Sobiyet, Gavriil Ilizarov, ya ɓullo da hanyar a garin Kurgan cikin shekarun 1950. Ya lura cewa idan aka yanke ƙashi, aka riƙa raba ɓangarorin biyu sannu a hankali, jiki zai tsirar da sabon ƙashi ya cike giɓin. An fara ne don marasa lafiya: wanda ya karye ƙashin ya ƙi haɗewa, ko wanda ƙafarsa ɗaya ta fi ɗaya gajarta, kamar yadda ciwon shan inna kan bar yara. Daga baya ne masu neman tsawo suka shigo.

Ga yadda ake yi. Bayan an yanke ƙashin, ana jira kamar mako guda, sannan a fara jansa milimita 1 a kullum. Da, wasu ƙarafa ake kafawa a wajen ƙafa. A 2011 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wani sandan ƙarfe mai suna Precice, wanda ake zurawa cikin ɓargo, maganaɗisu na miƙa shi daga waje. Ku lissafa da ni: santimita 8 milimita 80 ke nan, wato kwana 80 ana ja, sannan a ƙara wasu watanni kafin sabon ƙashin ya yi ƙwari ya ɗauki nauyin mutum.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Tiyatar ƙafa kaɗai take ƙara wa tsawo. Gangar jiki na nan yadda take, hannuwa ma haka. A yawancin mutane, idan kika buɗe hannuwanki biyu, daga yatsa zuwa yatsa kusan tsawonki ne. Da an ƙara wa ƙafa santimita da yawa, sai hannu ya zama kamar ya gajarce. In kika zauna kuwa, tsawonki na da ne, domin kashin baya bai ƙaru ba.

Abu na biyu, kuma shi ya fi muhimmanci, shi ne tsakanin cinya da ƙwauri. A bisa al'ada, ƙashin ƙwauri yakan kai kashi 80 cikin 100 na ƙashin cinya. Mu ɗauki misalin mace mai cinya santimita 42, ƙwauri 34. Idan aka ƙara wa ƙwaurin santimita 6, ya zama 40, ya kusa kamo cinyar ke nan, gwiwa kuma ta haura sama da inda ido ya saba ganinta. Idan cinyar aka ƙara wa 8, ta zama 50, ƙwauri na 34, sai gwiwa ta yi kamar ta sauko. Shi ya sa likitoci da dama ba sa son wuce santimita 8 a cinya, ko 5 zuwa 6 a ƙwauri.

Wata za ta ce, ai zane da doguwar riga za su rufe. Gaskiya ne, tufafi na rufe siffa, amma ba sa rufe tafiya. Ƙashi ake ja, tsoka da jijiyoyi kuma dole su bi shi, ko sun so ko sun ƙi. Idan agara ta ɗaure, dunduniya ba za ta taɓa ƙasa ba, sai mutum ya riƙa tafiya a kan yatsu. Tsugunno, durƙuso, zama a tabarma da hawa bene duk suna iya zama aiki. Akwai kuma haɗarin ƙwayoyin cuta su shiga ƙashi, ko jijiya ta lalace ƙafa ta riƙa jan ƙasa, ko jini ya daskare ya toshe hanyar huhu, wanda kan iya kisa. Saboda yawan waɗanda aka nakasa ne ma'aikatar lafiya ta ƙasar Sin ta hana yin wannan tiyata don kwalliya a 2006.

To 'yar'uwa, idan ke ko ɗanki ko ƙaninki na da wannan tunani, a fara da awo. A sa likitan ƙashi ya ɗauki hoton ƙafafun a tsaye, ya auna cinya da ƙwauri, tsawon zama da faɗin hannuwa. A tambaye shi: bayan aikin, nawa ƙwauri zai zama a kan cinya? Wata nawa zan yi da sanda? Wa zai riƙa motsa mini gaɓoɓi kullum? Idan matsala ta taso bayan na dawo gida, wa zai duba ni? Likitan da ya yi alkawarin santimita masu yawa bai ɗauko ma'auni ba, a yi nesa da shi.

Sannan mu iyaye, mu kula da bakinmu. Yaron da ya tashi ana kiransa gajere ko guntu a gidansu, shi ne gobe zai yarda a karya masa ƙafa mai lafiya. Amma fa idan ƙafar yaro ɗaya ta fi ɗaya tsawo har yana ɗingishi, wannan lalura ce, a kai shi asibitin ƙashi da wuri.

A nan za mu dasa aya. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.