Kafin a ce tsohuwar laftof ta mutu: mene ne Linux, kuma su wa ke yin ta kyauta?

Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya rufe wa'adin kula da Windows 10, in ban da ƙarin shekara ɗaya ga wanda ya yi rajista ta musamman. Mai sana'a a Agege, Sabon Ibadan ko Fatakwal zai ga kamar abin bai shafe shi ba. Amma in kana da ɗa ko ƙane a jami'a, to ya shafi aljihunka. Yawancin laftof ɗin da muke saya musu a Computer Village ta Ikeja na hannu ne, kuma Windows 11 ba ta karɓar mafi yawan injinan da aka ƙera kafin 2017. Kwamfutar za ta ci gaba da kunnuwa, sai dai duk ɓarakar da ɓarayin intanet suka gano a cikinta babu mai zuwa ya toshe.

Ɗauki misalin yaron da ke karatu a Gidan Kwano, babban mazaunin Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna. Direbobin tirelar shanu masu bin hanyar Minna zuwa Bida sun san ƙofarta. A can ana koyar da ilimin kwamfuta, injiniyanci da tsaron intanet, kuma ɗalibin waɗannan fannoni ba shi da aiki sai da laftof. In ya bugo waya ya ce Baba a sayi sabuwa, kafin a taɓa jari yana da kyau a san akwai wata hanya, sunanta Linux.

Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja, wadda ke tsakanin ƙarfen injin da sauran manhajojin da kake buɗewa. Windows ɗaya ce daga cikinsu, mallakar kamfani guda, kuma rubutun da aka gina ta da shi a kulle yake. Linux kuwa rubutunta a buɗe yake. Kowa na da izinin ya sauke, ya karanta, ya gyara, ya raba wa wasu.

Asalin abin daga Amurka ne. A 1969 Ken Thompson da Dennis Ritchie suka ƙirƙiro Unix a cibiyar bincike ta Bell Labs. Tsarinta ya yi kyau har jami'o'i suka rungume ta, amma hakkin mallaka na hannun kamfani. A 1983, shekarar da aka kafa jami'ar Minna, Richard Stallman ya sanar da shirin GNU, wato a rubuta irin Unix daga farko a bar wa jama'a. Shi ya fito da lasisin GPL a 1989, mai sharaɗi ɗaya babba: in ka ɗauki aikin jama'a ka gyara kuma ka raba, dole ka saki gyaran naka a buɗe. Abin da ya rage musu shi ne zuciyar manhajar, wadda ke magana da ƙarfen injin kai tsaye. A Agusta 1991 wani ɗalibin Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ɗan shekara 21, ya sanar cewa yana rubuta tasa don sha'awa. Da aka haɗa ta da kayan GNU sai aka sami cikakkiyar manhaja.

Daga nan dangi ya yaɗu. Debian ta fito a 1993, Ubuntu a 2004 ta hannun Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu, Linux Mint a 2006. Akwai kuma 'yan uwanta na gidan BSD, irin su FreeBSD da OpenBSD, waɗanda suka samo tushe daga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. Kada ka ɗauka baƙon abu ne fa. Wayar Tecno, Infinix ko itel da ke hannunka Android ce, ita kuma a kan zuciyar Linux take zaune. Na'urorin POS da yawa ma haka. Tun Nuwamba 2017 kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya dukkansu da Linux suke aiki.

To, wa ke biyan masu wannan aiki? Wasu 'yan sa kai ne. Da yawa kuma ma'aikatan kamfanoni ne irin su Intel, Google da Red Hat, domin kamfanonin sun ga ya fi musu sauƙi su haƙa rijiya ɗaya da kowa zai ɗiba a kan kowa ya haƙa tasa. Aikin gayya ne, amma mai tsari. Wanda ya tashi a kara zai gane shi nan take. Baƙon mahauci ba ya zuwa yau ya ɗauki sa bashi, sai mai gida ko dillalin da ya san shi ya tsaya masa. Haka nan ma: ka aika gyaranka ga wanda ke riƙe da wannan sashe, a duba a bainar jama'a, a maido maka ka sake in da kuskure, kuma duk wanda gyaran ya bi ta hannunsa sai ya sa sunansa a kai kafin ya isa wurin Torvalds. Kusan duk mako tara ko goma sabon zubi yake fitowa. Suna ake ginawa sannu a hankali, kamar dai a kasuwa.

Kuma kamar a kasuwa, ana cin amana. A Maris 2024 aka gano wani ya shafe kusan shekara biyu yana taimaka wa mai kula da wata ƙaramar manhaja mai suna xz, har aka amince da shi, sannan ya cusa ƙofar ɓoye ta shiga kwamfutocin mutane. Wani injiniya, Andres Freund, ya lura injinsa na jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya bi diddigi ya tona asirin kafin abin ya bazu. Da rubutun a kulle yake da bai iya bin sawu ba. Amma lamarin ya nuna wani rauni: manhajar da duniya ta dogara da ita tana wuyan mutum ɗaya da aiki ya yi wa yawa.

Nijeriya ma ba a bar ta a baya ba. A 2007 an raba wa yaran wata firamare a Galadima, Abuja, ƙananan laftof na shirin OLPC masu aiki da Linux. A 2018 Samson Goddy da Ada Nduka Oyom suka kafa ƙungiyar Open Source Community Africa, wadda ta yi babban taronta na farko a Legas a Fabrairu 2020. Linux tana zuwa da tsarin madannai na Hausa mai ɓ, ɗ da ƙ. Sai dai fassarar manhajojin zuwa Hausa har yanzu da sauran aiki sosai, kuma ba wanda zai yi mana. Wannan ba ya buƙatar digiri. Mai Hausa mai kyau da ɗan Turanci zai iya farawa.

Ga mai son gwadawa, a sauke Linux Mint ko Ubuntu daga shafinsu na asali, a ɗora a filash mai gig 8. Ana iya kunna kwamfuta daga filash ɗin a duba sauti, wayifai da batir ba tare da an goge komai ba. Mai ram gig 4 ya nemi zubi marar nauyi, irin Mint Xfce ko Lubuntu. Zubin Ubuntu mai dogon wa'adi yana fitowa duk shekara biyu a Afrilu da gyaran tsaro na shekara biyar kyauta, don haka na 24.04 zai kai 2029. Kafin a girka, a kwashe hotuna da takardu zuwa wani wuri.

Gaskiya kuma, ba kowa za ta yi wa ba. AutoCAD, CorelDRAW da Photoshop ba su da zubin Linux. Ɗalibin zanen gine-gine ko mai shagon buga kati ya bar Windows ɗinsa, ko ya ajiye su biyun a inji ɗaya. LibreOffice tana buɗe takardun Word, amma wani lokaci tsarin shafi yakan ɗan goce. Shi kuwa ɗalibin kwamfuta ko tsaron intanet, ko yana da sabuwar laftof sai ya koyi Linux, don yawancin manyan injinan da ke riƙe da shafukan intanet da ita suke aiki, kuma Kali Linux na cikin kayan aikin masu gwajin tsaro na yau da kullum.

Saboda haka in yaro ya kira daga Gidan Kwano, a tambaye shi wane darasi yake yi, wace manhaja ce dole a kansa, kuma ko ya gwada Linux a filash. In ta ɗauke shi, kuɗin sabuwar laftof ya tafi kuɗin makaranta da haya. In ya ƙware, a tuna masa rijiyar nan wasu ne suka haƙa, shi ma ya zuba nasa ƙoƙarin, ko da fassara shafi ɗaya ne zuwa Hausa. Allah ya yi wa karatun yaranmu albarka.