Fitilar Taya da Ta Ƙi Mutuwa

Duk wanda ya saba shiga motocin Beljiyom a Kano, Kaduna ko Abuja ya san wata 'yar fitila ruwan ɗorawa da ke ci a gaban direba, mai siffar tukunya da alamar motsin rai a cikinta. Wasu direbobin sun shekara da ita har sun daina ganinta. Wasu kuma sun manna mata baƙin salatif sun huta. Fitilar iskar taya ce, ta tsarin da masu ƙera mota ke kira TPMS, kuma da wuya a sami alamar da aka raina a jikin mota kamar ta.

Asalinta rayuka ne suka salwanta. A ƙarshen shekarun 1990 a Amurka, tayoyin Firestone da ke ƙarƙashin motocin Ford Explorer sun riƙa ɓarewa ana cikin gudu, motar ta wuntsila. An danganta mutuwar sama da mutum 200 da lamarin, kuma a watan Agustan 2000 Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 daga hannun jama'a. Cikin abubuwan da kamfanonin biyu suka yi ta jayayya a kai har da yawan iska: a ma'aunin ƙarfin iska na psi, Ford ya ce a sa 26, Firestone ya ce 30 ya fi dacewa. A shekarar ce majalisar dokokin ƙasar ta zartar da dokar TREAD, kuma daga watan Satumban 2007 duk sabuwar ƙaramar mota da za a sayar a Amurka sai tana da na'urar da ke gargaɗin direba idan iska ta ragu. Tarayyar Turai ta wajabta hakan ga duk sabbin motoci daga Nuwamban 2014. Da yake yawancin Camry, Corolla da Accord da ke sauka a Legas da Kwatano daga Amurka suke fitowa, dokar ta biyo su har nan.

A mafi yawan waɗannan motoci, kowace taya tana da sensa a ciki, a manne da gindin bawul ɗin da ake ba da iska. Tana auna iskar, ta aika wa kwamfutar mota saƙo ta rediyo. Batir ɗinta a rufe yake ruf cikin jikinta, ba a yi shi don a canza ba, kuma yakan yi shekara 5 zuwa 10. Lissafin a fili yake: motar da aka ƙera a 2008 ko 2010, idan ba a taɓa sauya mata sensa ba, batiranta sun gama aiki tun kafin ta hau jirgin ruwa, ko kuma suna gab da gamawa. Shi ya sa mutum zai sayi mota fes, ya yi wata biyu yana jin daɗi, sai fitila ta kama.

Abin da direbobi da yawa ba su lura da shi ba shi ne, magana biyu fitilar take yi, kuma ana bambance su a lokacin tayar da mota. Idan ta kama ta tsaya cak, cewa take yi wata taya ta yi ƙasa. Idan kuwa ta yi ta ƙyaftawa kamar minti ɗaya ko ɗaya da rabi kafin ta tsaya, to tsarin ne da kansa ya sami matsala, ko da tayoyin cike suke.

Ta farkon ta fi sauƙi, amma a nan ne ake yawan tafka kuskure. Adadin iskar da mota ke buƙata yana rubuce a wata takarda da aka liƙa a jikin ginshiƙin ƙofar direba, galibi tsakanin psi 30 da 35 ga ƙananan motoci. Lambar da ke gefen taya, irin su 44 ko 51, iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ce. Masu faci da yawa ita suke bi, ko kuma su ɗura 40 ko 45 ga kowace motar da ta tsaya, da gejin da ya sha faɗuwa ƙasa. Ana auna taya ne da sanyinta, kafin a yi tafiya mai nisa, domin zafin kwalta yana ɗaga awon.

Hunturu ma yana da hannu. Iska tana ƙanƙancewa da sanyi, kuma duk saukar digiri 5 zuwa 6 na rage kusan psi 1. A Jos ko Kano, a watan Disamba da Janairu, tazarar da ke tsakanin zafin la'asar da sanyin asuba ta isa ta cinye psi 3. Tayar da dama can ta yi ƙasa sai ta kunna fitila da safe, bayan an ɗan yi tafiya ta mutu. Direba sai ya ce na'urar ce ta rikice, alhali gaskiya ta faɗa. Akwai kuma safaya: wasu manyan motocin Toyota da Lexus suna da sensa ta biyar a cikinta, sai a cika tayoyi huɗu a yi ta mamakin fitilar da ta ƙi mutuwa.

Fitila mai ƙyaftawa kuwa, bayan mutuwar batir, babban dalilinta a nan ƙasar shi ne wurin faci. Inda babu injin cire taya, da ƙarfe da guduma ake raba taya da rim, kuma idan aka soka ƙarfen daidai wurin bawul, sensar ta tafi. Wani lokaci a ga ta tsage, a jefar, a sa bawul ɗin roba, mai mota bai sani ba. Haka idan aka cusa tif a cikin taya tubles, dole sensar ta fita. Kalma ɗaya kafin a fara aiki, cewa akwai sensa a ciki, tana hana wannan asara. Mai facin da ya san aikinsa zai fara ɓamɓarewa nesa da bawul.

Akwai ƙananan masu kisan mummuƙe. Bawul ɗin sensa da yawa na alminiyom ne, kuma idan aka ɗaura masa 'yar cikin bawul ta tagulla ko murfin ƙarfe na ado, ƙarafan biyu sukan ci juna su manne, ranar da aka zo kwancewa ya karye. Murfin roba mai arha ya fi masa. Ruwan liƙe huji da ake ɗurawa cikin taya shi ma yana iya toshe ƙofar da sensa ke jin iska da ita.

Gyara yana farawa ne da gano wadda ta mutu. Mai wayarin da ke da na'urar gwaji zai kai ta kusa da kowace taya, ta nuna lambar sensar, iskar da take karantawa, wani lokaci har da ƙarfin batir. Wajen sayen sabuwa a Ƙofar Ruwa, Panteka ko Apo, abu biyu ne abin lura. Motocin Amurka da yawa suna amfani da zangon rediyo na megahaz 315, na Turai kuma 433, kuma ɗaya ba ya jin ɗaya ko da siffarsu ta zo daidai. Sannan sensa ta hannu da aka ciro daga wata tsohuwar mota, tsohon batir aka saya. Akwai sababbi irin na Autel da Schrader waɗanda ake saita su su dace da motoci iri-iri. In ɗaya ta mutu don tsufa, sauran ukun sa'anninta ne, kuma lokacin sauya tayoyi ne ya fi dacewa a canza su gaba ɗaya, tunda an riga an buɗe rim.

Ɗaura sensa ba shi ne ƙarshen aiki ba, sai mota ta san ta. Wasu motocin suna koyo da kansu bayan 'yar tafiya. Toyota da yawa kuwa sai an shigar da lambar sabuwar sensar cikin kwamfutar mota ta kafar gwaji da ke ƙarƙashin sitiyari. Maɓallin da ke wurin, wanda mutane ke dannawa har yatsa ya gaji, aikinsa sanar da mota cewa iskar yanzu ita ce daidai. Ba ya rajistar sabuwar sensa, ba ya tayar da matacciya.

Masu Honda Accord ta 2013 zuwa sama su yi hattara kada a sayar musu da abin da motarsu ba ta da shi. Ba ta da sensa a cikin taya. Tana dogara ne da na'urar birkin ABS: tayar da ta yi ƙasa takan ɗan ƙanƙance, ta fi sauran saurin juyawa, kwamfuta ta gane. Irin wannan mota, bayan an ba da iska ko an juya tayoyi, sake saitawa kawai take so, ta maɓalli ko ta allon gaban direba.

Ana iya fahimtar mai manna salatif, don sensa huɗu da kuɗin aiki ba ƙaramin abu ba ne a wannan zamani. Sai dai taya mai ƙarancin iska tana lanƙwasa gefenta a kowane juyi, ta ɗauki zafi, kuma a hanyar Kaduna zuwa Abuja cikin watan Afrilu wannan zafi ne ke kai ta ga fashewa. Tana kuma ƙara shan mai, abin da kowa ya fara ji a aljihunsa tun da aka cire tallafin mai a 2023. Wanda ba zai iya gyaran ba yana da mafita mai rahusa: ana sayar da 'yan sensa huɗu da ake murɗawa a bakin bawul daga waje, da ƙaramin allo mai caji da hasken rana.

Ko mai lafiyayyen tsari bai kamata ya miƙe ƙafa ba. Dokar Amurka ta ce fitila ta kama idan iska ta ragu da kashi 25 cikin ɗari, wato motar da ke son 32 tana iya sauka har kusan 24 kafin ta yi magana. Taya kuma takan yi asarar kusan psi 1 a wata ko babu ƙusa, don haka geji na kai a aljihun mota da awo sau ɗaya a wata, har da safaya, suna nan a wuyan direba.