Lagireto: Sauya Shi da Cika Ruwan Mota

A tsakar ranar watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke kusantar digiri 40, da wuya mutum ya bi titin Zariya daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa gadar Dangi bai ga mota a gefe an ɗaga bonet ba. Tururi na tashi, direba na ƙwala wa mai fiya wata kira. Yawanci lagireto ake ɗora wa laifi, kuma sau da yawa da gaskiyar masu zargin. Sai dai lagireto ba ya lalacewa haka kawai. Abin da aka daɗe ana ɗura masa ne yake cinye shi.

Inji yana ƙona fetur, amma ba duk ƙarfin wutar ke juya taya ba. Kusan kashi ɗaya cikin uku yana fita ta salansa, wani kusan kashi ɗaya cikin ukun kuma yana shiga jikin ƙarfen injin. Wannan kason ne ruwa ke kwashewa. Famfon ruwa yana tura shi ta ramukan da ke kewaye da silinda, ya fito da zafinsa ta tiyon sama, ya ratsa siraran bututun lagireto inda iska ke hura shi, ya koma ta tiyon ƙasa. Dabarar ta tsufa: tun 1901 injiniyan Jamus Wilhelm Maybach ya sa wa motar Mercedes ta farko lagireto mai ƙananan ramuka masu yawa, domin iska ta samu wurin ratsawa.

Tsofaffin kanikawa sun fi sanin lagireton Fijo 504, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe kamfanin Fijo a 1975. Na tagulla ne. In ya yoyo, mai gyara ya narka dalma ya liƙe, in ya toshe ya buɗe kansa ya zura tsinken ƙarfe a kowane bututu. Na Corolla da Camry da Accord na yanzu kuwa alminiyon ne a tsaka, roba a sama da ƙasa. Robar nan da shekaru takan bushe, ta koma ruwan ƙasa, ta tsage kusa da wuyan tiyo. Ana shafa mata gam, amma gam na kai mutum gida ne kawai, ba na tafiya Kaduna ba. Magani shi ne a sauya.

Wanda zai sayo a Ƙofar Ruwa ya tafi da tsohon a hannu, ya jera su ya duba kauri da wuyan tiyo da ƙafafun zama. Mota mai giyar otomatik tana da wasu ƙananan bakuna biyu a lagiretonta, inda man giya ke shiga ya huce. Ta hannu ba ta da su. In ɗan Kwatano ne, a toshe bakunansa, a hura masa iska cikin baho da ruwa. Inda kumfa ta fito, nan ne ɓarakar.

Aikin kansa ba ya farawa sai inji ya huce sarai. Murfin lagireto ba murfi ba ne kawai, yana riƙe matsi na kusan bar 1, wanda ke hana ruwa tafasa sai wajen digiri 120. In aka buɗe shi da zafi, matsin ya tafi nan take, ruwan ya tafasa a lokaci guda ya yi feshi a fuska. Da yawan yaran gareji suna da tabo a hannu saboda wannan.

Bayan ya huce, a cire kan batir, a tara roba, a kwance magudanar ƙasa. A sassauta kilif, a murɗa tiyo kafin a ja shi. A zare wayar fanka, a ciro fankar da mazauninta, a kwance bututun man giya a toshe su da tsumma mai tsabta. Wani abu mai kama da lagireto da ke gabansa na na'urar sanyaya cikin mota ne. A raba su a hankali, kada a kwance bututunsa, iskar gas za ta tsere. Sannan a ɗago tsohon, a mayar da robobin ƙafarsa kan sabon, a wanke cikin injin har ruwa ya fito fari, a mayar da komai yadda yake. Tiyon da ya kumbura ko ya yi laushi kada a mayar da shi, haka murfin da robarsa ta tsage.

A nan mutane da yawa suke ganin an gama. Ni a ganina nan ne aikin ya fara.

Ruwan rijiya da na burtsatse suna ɗauke da gishirin ƙasa da ido ba ya gani. Da ya sha zafi sai ya daskare a jikin bututu, ramin ya riƙa tsukewa. Tsurar ruwa kuma yana sa tsatsa, yana cin alminiyon da fuka-fukan famfon ruwa. Wannan jan ruwan da ke fitowa in an kwance magudana, jikin injin ne ya narke a ciki. Ruwan kulan, kore ko ja ko shuɗi, an yi shi da sinadarin etilin gilaikol da magungunan hana tsatsa. Wasu na cewa ai na ƙasashen ƙanƙara ne. Gaskiya ne yana hana daskarewa, amma yana kuma ɗaga matakin tafasa, yana kare ƙarfe, kuma waɗannan biyun su ne buƙatar Kano. In mai kauri ne a haɗa shi rabi da rabi da tataccen ruwa. In an riga an haɗa, a zuba yadda yake. Ƙaramar mota takan sha tsakanin lita 5 zuwa 7. Launi kaɗai ba ya nuna iri, don haka a karanta jikin galan, kada a gauraya iri biyu. Tsohon ruwan da aka tara kuma kada a kwarara shi a ƙasa: yana da zaƙi, yaro ko akuya na iya sha, yana kashe ƙoda.

Sai maganar iska. In aka zuba ruwa da gaggawa, iska kan maƙale a kan silinda, wurin ya yi ta gasuwa alhali lagireto cike yake. A zuba a hankali, ana matsa tiyo da hannu. A juya hita zuwa ƙarshen zafi, a tada mota murfi a buɗe. Za a ga kumfa na ɓulɓulowa, ruwan ya yi ƙasa, a ƙara. In tiyon sama ya ɗau zafi, tamostat, wato ƙofar da ke sakin ruwa ya zagaya lagireto, ya buɗe ke nan. A rufe, a cika ƙaramin tanki zuwa tsakanin layukansa biyu, a jira fanka ta tashi ta tsaya da kanta. Motocin gudu irin su Toyota MR2 da Porsche Boxster sun fi wuya, don injinsu na bayan direba, lagireto na gaba, dogayen bututu na bin ƙarƙashin mota. Suna da wuraren fitar da iska na musamman, dole a bi littafinsu. Washegari da safe, kafin a tada kowace mota, a sake duba ruwan.

Akwai shawarar da ake yawan ji a garejojin Tarauni da sauran unguwanni: "Alhaji, a cire tamostat ɗin nan, a haɗa fanka kai tsaye, ƙasarmu zafi gare ta." Ban yarda da ita ba. Tamostat yana buɗewa ne tsakanin digiri 80 zuwa 90, domin a nan inji ya fi aiki daidai. Babu shi, inji zai daɗe da sanyi, musamman da safiyar hunturu, kwamfutar motar ta yi ta ƙara fetur, ƙarfe ya yi ta cin ƙarfe. Cire shi yana ɓoye ciwon ne kawai. Wanda ya maƙale, a sa sabo. Bayan hunturu kuma a wanke ƙurar da ta cushe fuskar lagireto da ruwa marar ƙarfi, daga baya zuwa gaba.

In an yi duk wannan kumfa ta ƙi ƙarewa, ko salansa na fitar da farin hayaƙi bayan inji ya yi zafi, ko man inji ya koma kamar shayi da madara, to gasket ɗin kan silinda ya ƙone. A kashe motar a inda take, a jawo ta gareji.