Rufe gwamnati a Amurka: mu ma mun ga irinsa a 1995

Kwana 43 ma'aikatun gwamnatin Amurka suka yi a rufe, daga 1 ga Oktoba zuwa 12 ga Nuwamba 2025, saboda majalisa ta kasa amincewa da kuɗin tafiyar da ƙasa. Abin da ya kwance ƙullin shi ne sanatoci 8 na ɓangaren Demokarat da suka saɓa wa jam'iyyarsu, suka cika ƙuri'u 60 da ake bukata. Tallafin inshorar lafiya da suka nema ba su samu ba, sai alkawarin za a kaɗa ƙuri'a a kai daga baya. Wasu ƴan jam'iyyarsu na kiransu maciya amana.

A Nijar doka ba ta rufe ofis don kasafi ya makara. Amma gwamnati ta taɓa tsayawa cik a nan, kuma ɗan Adar na tsakiyar labarin.

A 1993 ƙawancen AFC ya kai Mahaman Usman na CDS-Rahama kujerar shugaban ƙasa, Mahamadu Isufu na PNDS-Tarayya, ɗan Dandaji ta ƙasar Illela, ya zama faraminista. Tafiyar ba ta yi nisa ba. A Satumba 1994 Usman ya rage wa faraminista iko, Isufu ya ajiye aiki, PNDS ta koma wajen MNSD-Nasara da ta yaƙa a zaɓen bara. A Tawa, inda Tarayya ta fi ƙarfi, magoya baya sun wayi gari abokin hamayyar jiya ya zama abokin tafiya. Usman ya rusa majalisa, aka sake zaɓe ranar 12 ga Janairu 1995, sabon ƙawancen ya samu kujeru 43 cikin 83.

Kundin tsarin mulkin 1992, wanda aka ɗinka bisa na Faransa, ya ba mulki kai biyu. Faraminista na fitowa daga masu rinjaye a majalisa, shi ke tafiyar da gwamnati, amma shugaban ƙasa ke jagorantar taron majalisar ministoci, shi ke sa hannu kan naɗe-naɗe. In ba a yi taron ba, ba a naɗa prefe ko shugaban kamfanin gwamnati, ba a aika doka majalisa. Faransawa na ce wa wannan zama kohabitasiyon. Mu zaman ƴan marina muka gani.

Usman ya fara gwada dabara. Masu rinjaye Hama Amadu suke so, sai ya naɗa wani ɗan MNSD daban, Amadu Bubakar Sise. Sise ya karɓa, jam'iyyarsa ta kore shi, depitoci suka tsige shi ranar 20 ga Fabrairu, bai cika mako biyu ba. Dole aka naɗa Hama, Isufu kuma ya riƙe shugabancin majalisa. A ganina, a nan ne ƙofar sulhu ta toshe: kowane ɗan siyasa ya ga abin da ke samun wanda ya miƙa wa ɗaya ɓangaren hannu ba da izinin gida ba.

Rigimar kuwa ta muƙamai ce. Hama na son cire mutanen da AFC ta dasa zamanin da jama'a suka laƙaba wa suna wasoso, Usman ya ƙi kiran taro. A watan Agusta Hama ya tara ministoci ba da shugaban ƙasa ba, Usman ya ce duk abin da aka yanke bai halatta ba. Duk wannan, ma'aikata na bin bashin albashi na watanni, darajar sefa ta karye da rabi tun Janairu 1994. Malamin makaranta a Keita ko Buza ba ya bukatar a yi masa bayanin tsarin mulki, ɗan kanti ya riga ya rufe masa littafin bashi.

Ba wai sulhun ne ba a iya ba. Cikin wannan zaman ne, ranar 24 ga Afrilu 1995, gwamnati ta sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya da ƴan tawayen ORA na Rhissa Ag Boula, abin da ya shafi Abalak da Cintabaradan kai tsaye. Da masu bindiga an daidaita, tsakanin fadar shugaban ƙasa da ofishin faraminista abin ya gagara.

Ranar 27 ga Janairu 1996 Kanal Ibrahim Bare Mainasara, babban hafsan sojoji, ya kifar da su duka, ya kafa hujja da wannan tsayawar. Kundin 12 ga Mayu 1996 ya tattara iko hannun shugaban ƙasa, aka ayyana Bare a matsayin wanda ya ci zaɓen Yuli. Kafin shekarar ta ƙare, CDS da MNSD da PNDS na zaune cikin ƙawancen adawa guda, FRDD.